Harshen Alama: Waliyyan Kirista a Tagogin Majami'un Turai

1.0 Gabatarwa

A darasin da ya gabata an nuna cewa harshe tsari ne na alamomi, kuma babu wata dangantaka ta dole tsakanin kalma da abin da take nufi. Babu abin da ya sa Bahaushe ya ce "doki", Balarabe ya ce "faras", in ban da yarjejeniyar masu harshen. Wannan shi ne ra'ayin Ferdinand de Saussure, masanin harshe ɗan ƙasar Suwizalan wanda ya rasu a 1913, aka buga laccocinsa a 1916. Ɗalibai kan karɓi wannan magana cikin sauƙi muddin ana batun kalmomi. Da zarar an zo kan hoto kuwa sai su tirje, su ce ai hoto ba ya bukatar tafinta, kowa ya gani ya gane.

Wannan darasi zai auna wancan zato da misali guda, wato hotunan waliyyan Kirista da aka yi a tagogin gilashi masu launi na manyan majami'un Turai, musamman daga ƙarni na 12 zuwa na 16. An zaɓi misalin ne da gangan daga al'adar da ta yi wa yawancinmu nisa, domin alamar da mutum ya tashi a cikinta ba ya ganin ta a matsayin alama. Ana sa ran a ƙarshen darasin ɗalibi zai iya rarrabe nau'o'in alama, ya kuma bayyana yadda ma'ana ke samuwa ta hanyar bambanci.

Sai a lura da kalmar "waliyyi". An yi amfani da ita a nan saboda ita ce mafi kusa, amma ma'anarta a wurin Kiristoci mabiya ɗariƙar Katolika da ta Otodoks ba ta yi daidai da yadda Musulmi suka san ta ba. A wurinsu waliyyi shi ne mamacin da coci ta shaida tsarkinsa, ake girmama shi, ake neman ya yi wa masu rai roƙo. Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa yana amfani da "tsarkaka" ga dukkan masu bi. Haka kuma za a kawo sunaye da labarai yadda masu al'adar suke faɗar su. Nazarin alama muke yi, hukunci a kan aƙida yana da nasa fagen.

2.0 Tagar Kanta

Wani rahibi da ya kira kansa Theophilus ya rubuta littafi a kan sana'o'in hannu a farkon ƙarni na 12, inda ya bayyana yadda ake haɗa gilashi: kashi biyu na tokar itace, kashi ɗaya na yashi, a narkar a wuta. Launi yana shiga ne tun gilashin na narke, ta hanyar zuba sinadaran ƙarfe. Kobal yana ba da shuɗi, jan ƙarfe yana ba da ja ko kore gwargwadon yadda aka sarrafa wutar. Sai a yanka gilashin gutsure-gutsure bisa zanen da aka yi a kan allo, a zana fuska da ninkin tufafi da baƙin fenti, a sake gasawa don fentin ya kama, sannan a harhaɗa gutsattsarin da siraran sandunan darma. A farkon ƙarni na 14 aka fara shafa sinadarin azurfa a bayan farin gilashi, in an gasa ya koma rawaya, abin da ya sauƙaƙa yin gashin kai da kambi.

Tagogi mafi daɗewa da ke nan a majami'ar da aka yi su dominta su ne na annabawa a babbar majami'ar Augsburg ta Jamus, waɗanda aka yi a ƙarshen ƙarni na 11 ko farkon na 12. Amma wurin da ya fi dacewa da nazarinmu shi ne babbar majami'ar Chartres a Faransa. Gobara ta cinye tsohon ginin a 1194, aka sake gina shi, aka keɓe shi a 1260. Tana da tagogi fiye da 170, faɗin gilashinsu ya kai kimanin murabba'in mita 2,600, kuma galibinsu na farkon ƙarni na 13 ne. A 1939 an ciccire su an ɓoye saboda yaƙi, daga baya aka mayar. Tagogin ƙasa suna ɗauke da labarai daki-daki, waɗanda akasari ake karantawa daga ƙasa zuwa sama, daga hagu zuwa dama. A gindin da yawa daga cikinsu ana ganin masu sana'a suna bakin aiki: dukawa, masu burodi, mahauta, masassaƙa, 'yan canji. Tagogin sama kuwa, da yake rufin ya kai mita 37, manyan mutane ne tsaye ɗai-ɗai.

A nan matsalar mai zane take. Babu wanda ya san kamannin Bitrus ko na Andarawus, domin sun rasu fiye da shekara dubu kafin a yi tagar. Ko da an rubuta suna a ƙasan hoton, da Latin ne, masu iya karanta shi kaɗan ne, ga kuma nisa. To, yaya za a yi mai kallo ya san wane ne wannan dattijo mai gemu, alhali ga wasu dattawa goma masu gemu a jere da shi?

3.0 Alamar Rukuni da Alamar Mutum

Amsar da masu zane suka bayar ta yi kama da ginin kalma. Ɗalibi ya san cewa a kalmar "maƙera" akwai saiwa mai ɗauke da tushen ma'ana, akwai kuma ɗafi da ke nuna mai aikatawa da jam'i. Haka hoton waliyyi yake da alamomi hawa biyu.

Hawa na farko yana nuna rukuni. Da'irar haske a bayan kai tana nuna tsarki, duk wanda aka yi wa ita ba mutum ne gama-gari ba. In aka ga gicciye a cikin da'irar, to an bar sahun waliyyai, ana nufin Yesu Almasihu ko abin da ke wakiltar Ubangiji a aƙidarsu. Ganyen dabino a hannu yana nuna wanda aka kashe saboda addininsa. Doguwar hula mai tsini da sanda mai lanƙwasasshen kai kamar kwagiri suna nuna bishop. Littafi yana nuna mai koyarwa ko marubuci. Masanin tarihin zane Émile Mâle, a littafinsa na 1898 kan zanen addini a Faransa ta ƙarni na 13, ya lura cewa hatta takalmi yana da ƙa'ida: ana zana Yesu da mala'iku da manzanni ba takalmi, amma ba a yi wa Maryamu da sauran waliyyai haka. Wannan bai kamata ya ba mu mamaki ba. Wanda ya je fada ya ga rawani mai kunnuwa biyu ya san ya ga jinin sarauta tun kafin a faɗa masa suna.

Hawa na biyu shi ne ke fitar da mutum daga cikin rukuninsa. Bitrus yana riƙe da mabuɗai, sau da yawa ɗaya na zinariya ɗaya na azurfa, saboda alkawarin mabuɗan mulkin sama da ke cikin Matiyu 16:19. Bulus yana riƙe da takobi, domin bisa ruwayarsu fille masa kai aka yi a birnin Roma a zamanin sarki Nero. Istifanas yana ɗauke da duwatsu, da yake jefe shi aka yi kamar yadda ya zo a Ayyukan Manzanni sura ta 7. Bartalamawas yana da wuƙar fiɗa. Andarawus yana da gicciye mai siffar harafin X, wanda yake a tutar Sikotilan. Katarina ta Iskandariya tana tsaye kusa da wata da'irar katako mai kaifafan ƙarafa, kamar ƙafar amalanke. Idan aka lura, mafi yawan waɗannan kayayyaki kayan azaba ne. Abin da aka hallaka mutum da shi ya zama tambarinsa, yana riƙe da shi kamar ganimar yaƙi.

4.0 Wace Irin Alama ce Wannan?

Charles Sanders Peirce, masanin falsafa ɗan Amurka wanda ya rasu a 1914, ya kasa alama gida uku. Akwai alamar kama, wadda ta yi kama da abin da take nufi, kamar hoton fasfo. Akwai alamar nuni, wadda ke da alaƙar sababi ko maƙwabtaka da abin, kamar hayaƙi da wuta, ko sawu da raƙumi. Akwai kuma alamar yarjejeniya, wadda al'ada kaɗai ta ɗaura ta da ma'anarta, kamar kalma.

Mabuɗin da ke hannun Bitrus yana aiki a dukkan matakan uku. Zanen ya yi kama da mabuɗi, wannan alamar kama ce, kuma iyakar abin da ido ke bayarwa kyauta ke nan. Mabuɗin yana da alaƙa da wani abu a labarin Bitrus, wannan nuni ne, irin abin da muke kira kinaya a adon harshe, kamar a ce "rawani" ana nufin sarauta. Amma cewa mai mabuɗi Bitrus ne, ba mai gadi ko ma'aji ba, wannan sai wanda aka koya wa.

Alamomin marubutan Linjila huɗu sun fi kowanne misali fito da ƙarfin yarjejeniya. Littafin Ezekiyel sura ta 1 da Wahayi sura ta 4 sun ambaci halittu huɗu masu fuskar mutum, da zaki, da sa, da gaggafa. Malaman coci na farko sun ce waɗannan suna wakiltar Matiyu, Markus, Luka da Yohanna, amma sun saɓa a kan rabon. Irenaeus, bishop na Lyon a ƙarni na 2, ya ba Yohanna zaki, ya ba Markus gaggafa. Augustine na Hippo, a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ba Matiyu zaki, ya ba Markus mutum. Jerom, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, ya duba yadda kowane littafi ya fara: Matiyu ya fara da salsalar haihuwa, ya sami mutum, Markus ya fara da mai kira a jeji, ya sami zaki, Luka ya fara da Zakariya a bakin aikin ibada a haikali, ya sami sa, dabbar hadaya, Yohanna ya fara da zance mai zurfi a kan Kalma, ya sami gaggafa mai tashi sama. Rabon Jerom ne ya yi rinjaye a Yammacin Turai, shi ya sa zaki mai fukafukai ya zama tambarin birnin Venice, wanda ya ɗauki Markus a matsayin waliyyinsa. Kowane malami daga cikin ukun yana da hujja mai ma'ana. Karɓuwa a wurin jama'a ita ce ta yanke hukunci, kamar dai yadda ake yi wajen daidaita harshe.

5.0 Ma'ana Tana Cikin Bambanci

Ɗalibi ya san cewa abin da ya raba "kafa" da "ƙafa", ko "bari" da "ɓari", sauti ɗaya ne tak, kuma da irin waɗannan tagwayen kalmomi ake gano ƙwayoyin sauti. Tagogin majami'u cike suke da irin waɗannan tagwaye.

A ɗauki dodo, wato halittar nan mai jikin maciji da fukafukai. Ana zana shi tare da mutum uku sanannu. In mai sukarsa jarumi ne a kan doki, sanye da sulke, to George ne, wanda Larabawa ke kira Jirjis. In jarumin yana da fukafukai, wani lokaci da mizani a hannu, to mala'ika Mika'ilu ne. In kuwa mace ce riƙe da ƙaramin gicciye tana fitowa daga jikin dodon ko tana taka shi, Margaret ce ta Antakiya. Dodon shi kaɗai bai faɗi sunan kowa ba. Haka zaki yake: mai fukafukai na Markus ne, wanda ke kwance a gaban dattijo mai karatu na Jerom ne, in suna da yawa kewaye da mutum a rami na Daniyel ne. Ɗan rago a hannun mutum mai rigar gashin raƙumi yana nuna Yahaya Mai Baftisma, a hannun budurwa yana nuna Agnes. Takobi ya fi su duka rikitarwa, domin waɗanda aka kashe da shi suna da yawa. Saboda haka Bulus kan haɗa da littafi da sanƙo da dogon gemu, Katarina ta haɗa da kambi da ƙafar amalankenta, Thomas Becket kuma, babban bishop na Canterbury da aka kashe a cikin majami'arsa ranar 29 ga Disamba, 1170, ya haɗa da tufafin bishop. Wannan shi ne abin da Saussure yake nufi da cewa darajar alama tana fitowa ne daga abin da ya bambanta ta da 'yan'uwanta.

6.0 Alamomin da Harshe ya Haifa

Wannan sashe ya fi shafar mai nazarin harshe, domin wasu alamomin daga kalma suka fito, tarihi bai san da su ba. Sunan Agnes ya yi kama da kalmar Latin "agnus", wato ɗan rago, sai aka ba ta ɗan rago. Sunan Lusiya yana da tushe ɗaya da "lux", haske, sai aka ba ta fitila, daga baya aka ƙara mata idanu a kan faranti. Kiristofa a harshen Girka yana nufin mai ɗauke da Almasihu, sai ga labarin wani ƙato da ya ƙetarar da yaro kogi a kafaɗarsa.

Wasu kuma ruɗani ne ya haife su. Labarin rahibin da ya cire wa zaki ƙaya a ƙafa an san shi a kan Gerasimus, wanda ya zauna kusa da kogin Urdun, kuma masana da yawa suna ganin kamancin sunansa da na Jerom a Latin ne ya sa zakin ya sauya ubangida. Jerom ɗin nan dai ana zana shi da jar hular kadinal, alhali ya rasu a 420, ita kuwa jar hular sai a 1245 Fafaroma Innocent na IV ya ba kadinaloli. Lawrence, wanda aka kashe a Roma a 258, ana gane shi da ragar ƙarfe irin wadda masu balangu ke gasa nama a kai, saboda ruwayar cewa gasa shi aka yi. Wani masani ɗan Italiya, Pio Franchi de' Cavalieri, ya yi hasashen cewa kuskuren mai kwafe ne: ya yar da harafin "p" daga "passus", wato ya sha wuyar shahada, ta koma "assus", gasasshe. Hasashe ne, ba kowa ya yarda da shi ba, amma duk wanda ya taɓa gyara rubutun ɗalibai ya ga "ɓarawo" ya rasa lanƙwasarsa ya san ɓarnar da harafi ɗaya ke iya yi.

Yakubu ɗan Zabadi misali ne na daban. Ayyukan Manzanni 12:2 ya nuna da takobi aka kashe shi, amma an fi zana shi da sanda da jaka da ɓawon wata halittar teku mai siffar mafici. Waɗannan kayan masu ziyara ne zuwa Santiago de Compostela a Sifen, inda ake cewa kabarinsa yake. Wato mabiya ne suka ara wa waliyyi tufafinsu.

Galibin waɗannan labarai sun bazu ne ta littafin da Jacobus de Voragine ya tattara wajajen 1260, wanda aka fi sani da Hikayar Zinariya, kuma masu wa'azi da masu zane duk sun sha daga gare shi.

7.0 Shin Littafin Marasa Karatu ne?

An saba kiran waɗannan tagogi littafin waɗanda ba su iya karatu ba. Tushen maganar wasiƙu ne biyu da Fafaroma Gregory na I ya aika wa Serenus, bishop na Marseille, a 599 da 600, yana tsawata masa saboda ya farfasa hotuna. Hujjarsa ita ce hoto yana yi wa marar karatu aikin da rubutu ke yi wa mai karatu. Gregory dai yana magana ne a kan zanen bango, ƙarnuka kafin a yi tagogin Chartres.

A ganina an yi wa maganar nan kallon da ya wuce ƙima. Manomin da bai taɓa jin labarin Katarina ba, in ya ɗaga kai, mace zai gani da ƙafar amalanke, ƙila ma ya ɗauka 'yar masassaƙi ce. Abin da tagar ke yi shi ne tunatar da wanda ya riga ya ji a wa'azi, ko a bikin ranar waliyyin, ko a bakin kakarsa. Wata tagar ma ko ya ji labarin ba zai kai ga ma'anarta ba sai da malami. A ɓangaren kudu na majami'ar Chartres an zana marubutan Linjila huɗu zaune a kafaɗun annabawa huɗu: Matiyu a kan Ishaya, Luka a kan Irmiya, Yohanna a kan Ezekiyel, Markus a kan Daniyel. Abin nufi shi ne Sabon Alkawari yana tsaye a kan Tsoho, yana kuma hango abin da ya fi nisa. Wannan tunanin malamai ne, ido kaɗai ba zai ciro shi ba.

Da yarjejeniyar ta sauya a wasu ƙasashe, ma'anar ma sai ta sauya. Bayan gyaran addini na ƙarni na 16, Kiristoci da yawa na ɓangaren Furotesta sun ɗauki hotunan waliyyai a matsayin ƙofar bautar gumaka. A 1538 Sarki Henry na VIII na Ingila ya sa aka rushe hubbaren Becket, ya kuma ba da umarnin a kawar da hotunansa. A 1643 da 1644 William Dowsing ya zagaya majami'un gabashin Ingila da izinin hukuma yana farfasa tagogi, ya kuma bar rubutaccen lissafin abin da ya fasa. Gilashin bai canza ba, idon mai kallo ne ya canza. Har yanzu ɗariƙun Kirista ba su haɗu a kan wannan batu ba, don haka kada malami ya ɗauka cewa kowane ɗalibi Kirista a ajinsa ya san waɗannan alamomi ko ya yarda da su.

8.0 Amfani ga Malami

Ana koya muku a darasin dabarun koyarwa cewa hoto yana daga cikin kayan aikin malami, kuma gaskiya ne. Sai dai kafin ka liƙa hoto a allo, tambayi kanka wane ɓangare nasa ne alamar kama, wanda yaro zai gane da ido, wane ne kuma alamar yarjejeniya, wanda sai ka yi bayani. Kibiya a taswira, jan launi mai nufin haɗari, layukan da ake yi a bayan mai gudu don nuna sauri, kumfar da ake zana a saman kai don nuna tunani, duk koyon su ake yi. Yaron da ya fito daga gidan da babu littattafai masu hoto zai iya kallon zanen ya kasa amsa tambayarka, kai kuma ka rubuta masa rashin fahimta a takardar sakamako. Hanya mai sauƙi ita ce ka fara tambayar yara abin da suke gani, ka saurari amsoshinsu duka, sannan ka tambaye su abin da yake nufi. Tazarar da ke tsakanin amsoshin biyu ita ce za ta nuna maka inda darasinka zai fara.

Auna Fahimta

1. Yi amfani da rabe-raben Peirce ka yi sharhi a kan takobin da ke hannun Bulus.
2. Kwatanta yadda ake bambanta Jirjis da Mika'ilu da Margaret da yadda ake gano ƙwayoyin sauti a Hausa, tare da misalan tagwayen kalmomi guda biyar naka na kanka.
3. Ɗauko hoto ɗaya daga littafin karatun Hausa na aji uku na firamare, ka nuna wa yara biyar ba tare da bayani ba, ka rubuta abin da kowannensu ya ce, ka kawo aji a mako mai zuwa.